Jagora Ga Namiji Kirista: Gyaran Hali Daga Tsakar Gida Yake Farawa

Wata Lahadi, shekarun baya, ni na jagoranci addu'a a majami'armu. Da aka tashi sujada mutane suka yi ta miƙo mini hannu, wani dattijo har da dafa kafaɗa. Muna kan babur za mu gida sai uwargidana ta matso kusa da kunnena ta ce, "Maigida, da ma mutumin nan da ya yi addu'a yau zai biyo mu gida." Ban tanka mata ba. Da muka isa na ƙi cin abincin rana, na yini ina cika ina batsewa, yara suka yi ta raɓe-raɓe a bayan ɗaki. Sai da dare ya yi na gane cewa da wannan fushin na riga na tabbatar da maganarta.

Yawancinmu maza mutum biyu ne. Akwai na ranar Lahadi mai babbar riga da "Salama, ɗan'uwa", akwai kuma na Litinin zuwa Asabar wanda matarsa da 'ya'yansa da yaran shagonsa suka sani. Girma cikin bangaskiya shi ne mutanen nan biyu su zama ɗaya. Duba abin da Manzo Bulus ya lissafa wa Timoti game da mai kula da ikilisiya a 1 Timoti 3:2-7. A duk jerin, abu ɗaya ne kawai gwaninta, wato iya koyarwa. Saura duk hali ne: mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, wanda har waɗanda ba Kirista ba suna shaidarsa. Wannan na ƙarshen ya shafe mu ƙwarai a Arewa. Maƙwabcinka Musulmi ba zai taɓa jin wa'azinka ba, amma ya san ko kana biyan bashi, kuma ta katanga yana jin yadda kake yi wa matarka magana.

Abin da ke biye aikin wata uku ne. Ba ya bukatar kuɗi, sai littafin rubutu na ɗan makaranta da biro.

Mataki na farko: ka tambayi waɗanda suke ƙarƙashinka

Kada ka fara da tambayar kanka, domin kowa alƙali ne mai sassauci a shari'ar kansa. Kada kuma ka fara da fasto, shi na Lahadin ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka nemi mutum uku waɗanda ba su da ikon hukunta ka amma suna ɗanɗanar halinka kullum: matarka, babban ɗanka ko ƙanenka, da wani da yake aiki a hannunka. Idan ba ka yi aure ba, mahaifiyarka ko abokin da kuke kwana ɗaki ɗaya ya isa.

Yadda za ka yi tambayar shi ne rabin aikin. Idan ka ce wa matarka, "Faɗa mini laifina," za ta ce ba komai, don ta san abin da ya biyo baya ranar da ta taɓa faɗa. Ka zaɓi lokacin da ba ku yi faɗa ba, bayan an ci abincin dare yara sun kwanta. Ka ce mata, "Uwargida, in da Allah zai canja abu ɗaya a halina a bana, wanne za ki roƙa?" Abu ɗaya, ba goma ba. Ka gaya mata tun farko cewa ba za ka ba da amsa a daren ba, kuma ka cika alkawarin. Mai yiwuwa ta yi dariya ta kauce. Ka bar ta, ka sake tambaya bayan kwana biyu. Macen da ta yi shekara goma sha biyar tana haɗiye magana ba za ta amayar da ita a zama ɗaya ba.

In ta faɗa, abu uku ne haramun a gare ka: kare kai, kawo nata laifin, da jawo aya. Mu maza mun ƙware a na ukun. Da an taɓa mu sai mu buɗe Afisawa 5:22 a kan biyayyar mata, mu tsallake aya ta 25 wadda ta ɗora wa miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Ka ce "Na ji, na gode," ka je ka rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, ba da naka masu laushi ba.

Yaro kuwa ba zai iya duban idonka ya faɗa ba, kunya da tsoro ba za su bar shi ba. Ka tambaye shi kuna tafiya gona ko kuna gyaran babur, ka sauƙaƙa tambayar: "Yaushe ne ka fi jin tsorona?"

Mataki na biyu: hali ɗaya, da sunansa na gaskiya

Za ka ga amsoshin ukun sun haɗu a wuri guda, ko da kalmomin sun bambanta. Wannan wurin shi ne aikinka na wata uku. Sauran ka ajiye su, taura biyu ba ta taunuwa.

Ka kira shi da sunansa. "Ina da ɗan zafi" ba suna ba ne, sunan shi ne "ina zagin matata a gaban yara." "Ina ɗan taɓawa" ba suna ba ne, sunan shi ne "kuɗin makarantar yara na kai gidan burkutu." Muddin kana yi wa zunubi laƙabi mai daɗi, ba ka shirya rabuwa da shi ba. Sa'ad da annabi Natan ya je wurin Sarki Dawuda a 2 Sama'ila 12, Dawuda ya yi ta huci a kan mugun attajirin da ya ƙwace tunkiyar matalauci cikin labarin da Natan ya ba shi, har sai da aka nuna shi da yatsa aka ce shi ne mutumin. Daga nan ne Zabura 51 ta fito.

A nan wani zai ce hali zanen dutse ne, haka Allah ya yi ni, babana ma haka yake. Karin maganar tana da gaskiyarta, wanda ya taɓa ƙoƙarin daina wani abu da ƙarfin kansa ya sani. Amma alkawarin da ke cikin Ezekiyel 36:26 bai ce za a goge zanen ba, cewa ya yi za a cire dutsen ɗungum a sa zuciyar nama. Shi ya sa wannan jagora ba dabarar gyara kai ba ce kawai. Kamun kai ɗaya ne daga cikin abubuwa tara da Galatiyawa 5:22-23 ta kira albarkar Ruhu. Manomi ba ya ƙera dawa, amma shi ke yin sharar gona, ya yi huɗa, ya yi noma. Matakan da suka rage duk sharar gona ne.

Mataki na uku: minti ashirin kafin ka taɓa waya

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, bayan aikin shekaru da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Kakanninmu da yawa saboda littafin nan suka shiga ajin karatu da furfurarsu, suna bin baƙi da yatsa a hasken aci-balbal. Mu kuma yana cikin wayarmu, fassara fiye da ɗaya, har da ta sauraro, amma sai mako ya zagayo ba mu buɗe ba.

Ga tsari mai sauƙi. Watan farko, Bisharar Markus: sura 16 ce, ka riƙa karanta rabin sura kullum. Ka lura da yadda Yesu yake bi da mutanen da ba su da abin ba shi, da abin da ke sa shi fushi da abin da ba ya sa shi. Wata na biyu, Karin Magana: sura 31, ɗaya kowace rana. Littafin uba ne yana yi wa ɗansa magana a kan baki, kuɗi, mata, giya, ƙyuya da abokai, kusan duk abin da ke kayar da namiji yana ciki. Wata na uku, Yakubu, Afisawa, 1 Timoti, Titus da 1 Bitrus. Jimlarsu sura 25, ka ga kana da rarar kwana biyar na ranakun da ka makara.

Bayan karatu ka rubuta layi ɗaya tak: me wannan ya ce game da halin da nake yaƙi da shi? Sa'an nan ka yi addu'a kana kiran abin da sunansa, kana kuma ambaton inda zai tare ka a ranar. Misali, "Ya Uba, yau mai gidan haya zai zo, ka riƙe bakina." Irin wannan ta fi addu'ar minti talatin mai zagaya duniya.

In aikinka na sammako ne, direba ne kai ko mai gadi, ka mayar da shi lokacin da ya dace da kai. Sharaɗin kawai shi ne lokacin ya zama tsayayye, kuma waya tana nesa idan ba da ita kake karatun ba. Ni dai na koma na takarda, don na ga daga Zabura zuwa WhatsApp taku ɗaya ne.

Mataki na huɗu: ka sami mutum ɗaya da ba za ka yi wa ƙarya ba

Wannan ne matakin da maza suka fi tsallakewa, kuma shi ne dalilin da sauran suke rushewa.

Dubi Zumuntar Mata a kowace ikilisiya, ECWA ce ko COCIN, HEKAN, EYN ko Baftis. Ranar taronsu majami'a cike take. Sun san wadda ta haihu, wadda mijinta ba shi da lafiya, wadda ta kwana da yunwa. Mu kuma a Zumuntar Maza, in an taru, maganar ginin katanga ce da gudummawa da siyasa. Mutum zai yi shekara ashirin yana zama benci ɗaya da kai, ba ka san aurensa na mutuwa ba sai ranar da maganar ta iso gaban dattawa. An koya mana tun muna yara cewa namiji ba ya kuka, namiji ba ya faɗin cikinsa. Sakamakon shi ne muna faɗuwa mu kaɗai, a ɓoye, sai abu ya ruɓe wari ya tona.

Yakubu 5:16 ta umarce mu mu riƙa faɗa wa juna laifofinmu muna yi wa juna addu'a. Karin Magana 27:17 kuma ta kwatanta abota da ƙarfe yana wasa ƙarfe. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san wasa wuƙa ba shafa ba ce, akwai ƙara, akwai tartsatsi.

Wa za ka zaɓa? Namiji, ba mace ba, ko da kuwa mai addu'a ce ƙwarai. Wanda ya ɗan girme ka a bangaskiya, wanda ka taɓa jin an ba shi sirri bai fita ba. Ka duba fuskar matarsa da 'ya'yansa in yana kusa, za su gaya maka ko wane ne shi. Kada ya zama wanda kake bi bashi ko yake bin ka, kada kuma ya zama yaronka a wurin aiki, don ba zai iya gaya maka gaskiya ba. Ba dole ne ya zama fasto ba. Sau da yawa ma gara ba shi ba, domin mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar cikin maza ɗari biyu ba.

Ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, rabin awa ya isa, a gindin bishiya ko a shagonsa bayan an rufe. Ka ba shi izini da bakinka ya yi maka tambayoyi huɗu: Ka yi karatunka? Abin nan ya kayar da kai a makon nan, yaushe, me ya jawo? Akwai wanda ya kamata ka ba haƙuri? Ta ƙarshe kuma, a cikin amsoshin nan akwai inda ka yi mini ƙarya? Kada ka raina ta ƙarshen. Ni ta kama ni fiye da sau ɗaya.

Abu biyu sun fi ƙarfin aboki shi kaɗai. Idan kana dukan matarka, wannan ba aikin wata uku ba ne, na yau ne: ka je wurin fasto da dattawa da ƙafarka kafin a kai ka, ka kuma yarda da duk matakin da zai tsare lafiyarta. Idan kuma giya ko ƙwaya ta kama jikinka har in ba ka sha ba kana rawar jiki, ka haɗa addu'a da asibiti. Zuwa wurin likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Mataki na biyar: ka mayar da abin da ka ci

Tuba da baki ba ta da tsada, shi ya sa muke son ta. Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 bai tsaya a kan jin daɗin baƙuncin Yesu ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A Matiyu 5:23-24 Ubangiji ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da ƙara a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Wato sulhu yana gaba da kwanon baiko.

Ka buɗe sabon shafi a littafinka ka raba shi biyu. A gefe ɗaya ka rubuta duk wanda yake bin ka kuɗi: mai shago, mai taki, 'yan adashi, ƙanen matarka, lebura da ya yi maka noma ka ce ya dawo gobe. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, gaskiya ne, cin bashi ba zunubi ba ne. Zunubin shi ne sauya hanya in ka hango mai shi, da kashe waya, da yin sabon ɗinki na Kirsimeti alhali yana jira. Zabura 37:21 ta kira mai ci ya ƙi biya mugu, Yakubu 5:4 kuma ta ce ladan ma'aikacin da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Ka fara da wanda ya fi talauci a jerin, ba wanda ya fi tada maka hankali ba. In ba ka da abin biya duka, ka je da ƙafarka ka ce, "Ban manta ba, ga abin da zan iya duk wata." Ko dubu biyu ce, ka riƙa kaiwa a ranar da ka faɗa. In ɗan kasuwa ne kai, ka duba mudunka da sikelinka a wannan makon, Karin Magana 11:1 ba ta bar wurin ciniki a kan wannan ba.

A ɗaya gefen ka rubuta waɗanda ka ɓata wa rai. Ba da haƙuri ma yana da ƙa'ida. "In na yi miki laifi ki yi haƙuri" ba tuba ba ce, wayo ne. Ka faɗi abin: "Ranar Talata na kira ki da sunan da bai kamata ba a gaban yara. Na yi laifi. Ki gafarta mini." Kada "amma" ta biyo baya. In a gaban yara ka yi zagin, a gabansu za ka ba da haƙurin. Na san wannan yana da nauyi a al'adarmu, wani zai ce girmansa zai zube. Ranar da na fara yi, babban ɗana ya kalle ni kamar ya ga baƙo. Bayan wata biyu na ji shi a bayan ɗaki yana ba ƙanwarsa haƙuri da irin kalmomin, ba wanda ya sa shi.

Gargaɗi ɗaya: akwai tonon da zai raunata wanda ba shi da laifi, musamman in maganar cin amanar aure ce. Kada ka yi gaggawar sauke nauyinka a kan wani don kai ka ji sanyi. Ka fara shawara da abokin tafiyarka da fasto a kan yadda za a faɗa da lokacin da za a faɗa.

Mataki na shida: ka toshe ƙofar da ɓarawon yake shigowa

Bayan mako uku ko huɗu na tambayoyin abokinka, za ka ga faɗuwarka tana da lokaci da wuri. Ba ta zuwa haka kawai. Wani ranar albashi ce, wani in ya dawo gida da yunwa, wani bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare in waya na hannunsa, wani in ya zauna a wata majalisa.

Yusufu a gidan Fotifar, ranar da matar maigidan ta cafke shi tana neman ya kwana da ita, bai tsaya yin muhawara ba, ya bar rigarsa ya gudu. Ka yi haka. In cacar ƙwallo ce, ka goge manhajar, ka bar matarka ta riƙa ganin saƙon banki. In hotunan batsa ne ko hira da wata, waya ta kwana a falo, kuma kada a sami lambar sirrin da matarka ba ta sani ba. In giya ce, ka canja hanyar dawowa gida, ranar albashi kuma ka biya kuɗin makaranta ka auno hatsi kafin ka ga kowa. In fushi ne, ka koyi alamarsa a jikinka, zafin kunne ko ɗaurewar muƙamuƙi, da ka ji ta ka ce "Zan dawo mu yi magana," ka fita ka zaga. Amma ka dawo ɗin a ranar, domin Afisawa 4:26 ba ta yarda rana ta faɗi kana riƙe da shi ba. Gaba ta kwana uku da ƙin cin abinci, irin wadda na yi, ita ma fushi ce, ta sa hula ne kawai.

Akwai wata ƙofa da ba mu cika lissafawa ba. Mu da muka ga rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001, ko muka binne 'yan'uwa a shekarun da suka biyo baya, da yawanmu muna ɗauke da ɗaci da muke kira kishin addini. Yana fitowa a irin saƙonnin da muke turawa ba bincike, da irin maganar da muke yi a gaban yara game da maƙwabta. Neman adalci da tsare iyali daidai ne. Ramuwa kuwa Romawa 12:19 ta ce ba tamu ba ce. In wannan ne ciwonka, ka sa shi cikin abin da abokinka zai riƙa tambayarka.

Mataki na bakwai: aiki ɗaya da ba a tafa masa

Ka ɗauki hidima guda wadda ba a kiran sunan mai yinta a sanarwa: sharar majami'a ranar Asabar, kai wa gwauruwa itace, zama da majiyyaci a asibiti. A gida kuma ka karɓi addu'ar dare daga hannun matarka, wadda ta daɗe tana yi ita kaɗai. Minti goma, waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, 'yan ayoyi, kowane yaro ya yi addu'a layi ɗaya. Kada ka mai da shi kotu inda ake karanta laifofin yini.

In ka faɗi, da ranar cika wata uku

Za ka faɗi, wataƙila a mako na biyu. Haɗarin ba faɗuwar ba ce, ɓoyewar ce, da tunanin cewa tunda an ɓata sai a bari sai sabuwar shekara. Ka kira abokinka kafin awa ashirin da huɗu, ka ba wanda abin ya shafa haƙuri, ka rubuta abin da ya jawo, washegari ka buɗe surar da ke biye. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, kuma shi aka ba kiwon tumaki a Yahaya 21.

Ranar da wata uku ya cika, ka koma wurin mutum ukun nan da tambaya ɗaya: "Kun ga wani canji?" Su ne masu ba da maki, ba kai ba. Da na tambayi uwargidana, ta yi shiru tana tsince shinkafa, can ta ce, "Yara sun daina shiga ɗaki in sun ji ƙarar babur ɗinka." Ban gama jin daɗin wannan ba ta ɗaga kai ta ce, "To, saura maganar kuɗin cefane." Na ɗauko littafin na buɗe sabon shafi.